Yadda na raba hoton taurari da hasken unguwa

Makonni uku ina fama a bayan gidanmu a Rayfield, nan Jos. Duk hoton sama da na ɗauka sai ya fito jajaja-jajaja kamar an shafa masa manja, Kaza da 'Ya'yanta ma da ƙyar ake ganinsu. Da farko kyamarar na zarga. Ashe laifina ne: na kai ISO, wato ƙarfin jin hasken kyamara, 6400, na bar ƙofar haske a buɗe daƙiƙa 30, fitilun sola na maƙwabta da hazon hunturu suka cika hoton tun kafin taurari su samu wuri.

Sai na sauko ISO 800, daƙiƙa 10, gilashin kyamara (lens) mai 18mm, na saita fokas da hannu a kan tauraro mafi haske. Na daina kallon wajen Terminus, tsakiyar gari mai yawan fitilu, na ɗaga kyamarar tsakiyar sama inda haske bai da ƙarfi, a daren da babu wata.

Abin da ya fi yi mini aiki shi ne tarawa. Na ɗauki hotunan RAW, wato ɗanyen hoto da kyamara ba ta sarrafa ba, guda 40, da wasu 10 da murfin gilashi a rufe, na haɗa su a Sequator, manhajar kwamfuta mai haɗa hotunan taurari su zama ɗaya, kyauta ce. Tsakin-tsakin da ke ɓata hoton ya kwanta, taurarin suka fito fes. Sanyin Jos kuwa ya cinye batir ɗaya, yanzu na biyu a aljihu nake ajiye shi.