Harafin da ke Gefen Taya: Kurakuran Masu Tsohuwar Motar Gida

Bara waccan, saura kwana biyu Babbar Sallah, na ɗebo iyali daga Kano za mu Katsina a tsohuwar Corolla tamu. Mu shida ne har da yara, but cike da buhun shinkafa da jarkar mai. Mun ɗan wuce Bichi, rana tsaka, sai na ji ƙara kamar ta bindiga, motar ta fizga. Allah ya tsare, na samu na gangara gefe. Tayar baya ta dama ce ta yi fata-fata, ga shi wata uku kacal da sayenta, zanenta ko suɗewa bai yi ba. Mai facin da ya zo mana ya juya ragowarta, ya sa yatsa a kan wani hoton dutse mai ƙanƙara a ciki, ya ce, "Alhaji, ai wannan ta ƙasar sanyi ce. Dubi harafinta, Q." Ranar na san cewa rubutun gefen taya ba ado ba ne.

Yawancinmu idan muka je sayen taya, lamba ɗaya muke faɗa: "Ba ni saiz 15." Wanda ya ɗan waye ya ce 195/65 R15. A nan ake tsayawa, alhali rubutun bai ƙare ba. Gaba da shi akwai lamba da harafi, misali 91H. Wannan 91 nauyin da taya ɗaya za ta iya ɗauka ne, kilo 615. Shi kuma H iyakar gudun da aka gwada ta a kai, kilomita 210 a awa. Q na nufin 160, S 180, T 190, V 240, W 270, Y 300. A lura da H: ba ta bin jerin abacada, tana tsakanin T da V ne. Na sha ganin wanda ya ajiye taya mai H ya ɗauki mai T, yana zaton ya ƙara daraja don T ta fi nisa a jerin haruffa. Ragewa ya yi.

Kuskuren da ya fi yawa, wanda ni ma shi ya kusa halaka ni, shi ne cewa, "Ai motar ta tsufa, kuma ni ba na gudu." Gaskiya ne, dokar hanya a Najeriya ma ba ta yarda ƙaramar mota ta wuce 100 a babban titi ba, to mene ne na neman 210? Amsar ita ce zafi. Taya tana tafiya tana lanƙwasa tana miƙewa, wannan motsin ke haifar da zafi a cikinta, kuma zafi ke raba roba da wayar da ke ƙarƙashinta. Harafin yana nuna yadda ginin tayar ke jure wannan. Kuma a ɗakin gwaji aka samo shi, da sabuwar taya, iska daidai, kaya daidai, na ɗan lokaci. Ba a gwada ta a kwaltar Sakkwato ko Maiduguri a watan Afrilu ba, lokacin da zafin iska kaɗai ke haura digiri 40, mota ɗauke da iyali da tsaraba, ana faɗawa ramuka. Tazarar da ke tsakanin gudunka da harafin, ita duk waɗannan ke ci. Tsufan mota kuwa ƙara wa taya aiki yake yi, don shokozoba ta saki, ƙafa ta karkace.

Gyaran ba wuya. Buɗe ƙofar direba, duba jikin ginshiƙin, akwai 'yar takarda da kamfani ya manna; wasu motocin a bayan murfin tankin mai take. Nan za ka ga girman taya da awon iska, sau da yawa har da lambar nauyi da harafin. Idan ta goge, a nemi littafin motar. Kada a yi ƙasa da abin da aka rubuta, a harafi ko a lambar nauyi. Kuma kada a kwafi abin da ke jikin tayar da ke kan motar yanzu, wataƙila mai ita na farko ne ya fara kuskuren.

Akwai masu wuce gona da iri, su sayi W ko Y don motar kai yara makaranta. Ba laifi ba ne, amma kuɗi ne kawai ke tafiya, kuma irin waɗannan galibi robarsu ta fi saurin cinyewa.

Sai gamin gambiza: gaba H da T, baya S da Q. Idan aka yi haka, mafi ƙanƙantar harafi shi ne iyakar motar gaba ɗaya, kuma a birkin gaggawa kowace taya da irin riƙonta. In kuɗi ba su kai a sauya huɗu ba, a sayi biyu iri ɗaya a sa su tare, ko duka a gaba ko duka a baya. Masu ƙera taya suna ba da shawarar sababbin su koma baya, domin idan bayan mota ya zame ya fi wuyar tarowa.

Maganar tayar Beljiyam, wato ta hannu da ake shigowa da ita daga waje, ita ta fi ci mini rai, don na san talauci ke kai mu gare ta. Da yawa daga cikinsu tayoyin hunturun Turai ne, robarsu mai laushi an yi ta don sanyi, shi ya sa zanensu ke da zurfi da kyan gani. Wanda ya ga hoton dutse da ƙanƙara, ya ajiye. Sannan a nemi inda aka rubuta DOT, lambobi huɗu na ƙarshe su ne ranar haihuwarta: 2318 na nufin mako na 23 a shekarar 2018. Wasu kamfanonin mota suna cewa a sauya bayan shekara shida, manyan masu ƙera taya kuma sun ce kada ta wuce goma ko da ba ta taɓa taka ƙasa ba. Tawa da ta fashe ta haura goma. Tayar da ta tsufa ta tsattsage, ko aka yi mata faci a gefe, ko ta yi ƙulli, V ɗin da ke jikinta suna ne kawai.

Iska ma haka. Wani mai facin zai bubbuga taya da ƙarfe ya ce ta yi, wani ya dura 45 ko 50 don ya ga lamba a jikinta, alhali wannan iyakar da ba a so a wuce ce. Yawancin ƙananan motoci tsakanin 30 da 35 suke, ainihin adadin yana kan waccan takarda ta ƙofa. Ƙarancin iska shi ya fi dafa taya a doguwar tafiya. Ni yanzu ina da ɗan geji a aljihun mota, kuma da safe nake aunawa kafin taya ta ɗau zafi, har da safaya. In safayarka 'yar siririyar nan ce, a jikinta an rubuta 80, wato kilomita 80 a awa, iyakar gudunta ke nan har ka isa wurin mai faci.