Yadda Ake Yaƙi da Zunubin da Ya Zama Jiki

Akwai zunubin da mai bi ya sha tuba a kansa. Ya fito gaba a taron farkawa, an ɗora masa hannu, bayan mako biyu kuma ya koma gidan jiya. Sau da yawa tuban na gaske ne, tsarin ne ya juye: mutum na so ya wanke kansa tukuna kafin ya tunkari Allah. Titus 2:11-12 kuwa ta sa alheri a gaba, domin alherin da ya kawo ceto shi ne yake horar da mu mu rabu da mugayen sha'awace-sha'awace. Saboda haka a durƙushe ake fara wannan aiki, da dattin da komai.

Ka kira zunubin da sunansa. "Ya Uba, ka gafarta mini dukan zunubaina" addu'a ce mai kyau, amma tana da faɗin da mutum zai ɓuya a ciki. Ka ce, "Ina tauye mudu," ko "Ina kai gulma," ko "Ina kallon batsa a waya." Ɗaya za ka ɗauka. Ka furta shi a ranar da ka faɗi, bisa alkawarin 1 Yohanna 1:9, kada ka ajiye sai Lahadi.

Sai ka bi sawunsa na mako biyu. A ƙaramin littafi ka rubuta lokaci, wuri, wanda kake tare da shi, da halin da kake ciki: gajiya, bashi, kaɗaici ko ɓacin rai. Za ka tarar ƙofa biyu ko uku ce kawai yake bi. Toshe su. Waya ta kwana a falo daga ƙarfe 9 na dare. In hanyar dawowa daga gona ta bi ta gidan burkutu, a sake hanya ko da ta fi nisa. Yusufu bai tsaya muhawara da matar Fotifar ba, rigarsa ya bari ya gudu (Farawa 39:12).

Inda aka fi yin tuntuɓe shi ne a daina abu a bar gurbinsa fayau. Dubi Afisawa 4:28. Bulus bai tsaya a kan ɓarawo ya daina sata ba, ya ce ya yi aiki da hannunsa har ya sami abin ba mabukaci. Hannun da ya saba ɗauka sai an koya masa bayarwa. Mai tauye mudu ya riƙa cika shi har da gyara. Mai gulma, duk sunan da ya zo bakinta a zaman Zumuntar Mata, ta yi wa mai sunan addu'a a ranar. In akwai haƙƙin wani a kanka, ka mayar, kamar yadda Zakka ya yi a Luka 19:8. Wannan da nauyi, amma tuban da bai taɓa aljihu ba bai cika daɗewa ba.

Nemi mutum ɗaya mai riƙe asiri, kamar yadda Yakubu 5:16 ta koyar: dattijon ikkilisiya ko wanda ya girme ka cikin bangaskiya, namiji da namiji, mace da mace. Kada ka tona kanka a gaban taron addu'a, don bango ma yana da kunne. Ku haɗu minti 15 a mako, ya tambaye ka inda ka faɗi, abin da ya jawo, da abin da za ka gyara.

Kowace safiya ka ba Littafi Mai Tsarki minti 20. Fara da Romawa 6, ayoyi 23 ne, ka maimaita ta mako guda, ka haddace aya ta 14.

Kuskure biyu ke ɓata aikin. Wani in ya faɗi sai ya ɗora wa kansa azumin kwana uku kamar mai biyan tara, ko kunya ta hana shi zuwa majami'a, a wannan hali kuwa Shaiɗan ya fi son ya same shi. Wani kuma ya ce ai akwai alheri, ya miƙe ƙafa. Romawa 6:1-2 ta riga ta ba shi amsa: ba za mu ci gaba da zunubi don alheri ya ƙaru ba. A auna ci gaba bayan wata uku, a duba ko tazarar faɗuwa ta ƙaru, ko kuma ana saurin tuba. In giya ko ƙwaya ce ta kai jiki na rawa idan ba a sha ba, a haɗa da ganin likita, domin yanke giya farat ɗaya ga wanda ta kama sosai na iya jawo farfaɗiya.