Yadda ake shirya da tayar da injin waje na babbar na'urar sanyaya ɗaki a Yamai

A watannin Afrilu da Mayu, lokacin da zafin Yamai ke kaiwa digiri 45, mai otal ko mai kanti ba ya son jin komai daga bakin mai aikin sanyi sai cewa kilim ya tashi. Injin waje, wato sashen da ke ɗauke da kwamfireso da farfela da ragar fitar da zafi, ba ya jure irin wannan gaggawa, kuma yawancin lalacewar da ake gani a watannin farko tana somawa ne tun ranar da aka kunna shi.

A fara da mazauninsa. Ana kafa shi a kan dakalin siminti da aka daidaita, a bar masa tazarar da kamfanin ƙera ya rubuta tsakaninsa da bango, kuma kada a yi masa rumfa kusa da samansa, domin iskar zafin da ya fitar za ta komo cikinsa. Idan ragar ta riga ta sha ƙurar hunturu kafin a gama gini, a wanke ta.

Wajen waldar bututun tagulla, wajibi ne a riƙa sakin iskar azot, wato naitirojin, kaɗan-kaɗan ta ciki, in ba haka ba wani baƙin ɓawo zai taru, daga baya ya toshe tace-gas da bawul. Bayan walda sai a cika bututun da busasshiyar azot zuwa matsin da ke rubuce a jikin injin, ba tare da an wuce shi ba, a shafa kumfar sabulu a kowace mahaɗa, a bar shi ya kwana. Iskar oksijan haramun ce a wannan gwaji, domin haɗuwarta da mai tana jawo fashewa.

Zuƙe iska shi ne wurin da aka fi yin ha'inci. Wasu kan saki gas kaɗan ya "kore iska", su ce an gama, alhali danshi yana nan maƙale. Man da ke cikin injinan da ke aiki da gas ɗin sanyi mai suna R410A yana shan danshi da sauri, kuma da zarar ya sha sai ya zama asid da ke cin rufin wayoyin motar lantarkin da ke cikin kwamfireso. Daidai shi ne a haɗa famfon zuƙa da ma'aunin maikuron, wanda ke nuna ɗan matsin da ya rage a cikin bututu, a sauko zuwa maikuron 500, a rufe bawul, a zuba ido na ɗan lokaci. Idan lambar ta hau sannan ta tsaya, sauran danshi ne, a ci gaba da zuƙa; idan ta yi ta hawa ba tsayawa, akwai ɓula. Allurar ma'aunin matsi na yau da kullum ba ta iya nuna wannan bambanci.

Sai batun kuran. Manyan injina suna aiki da layi uku, wajen volt 380 zuwa 400 a hertz 50, kuma ana son bambancin da ke tsakanin layukan kada ya wuce kashi 2 cikin ɗari. A ɗaure kowace waya da kyau, a tabbatar da ta ƙasa. Akwai ɗan hita da ke zagaye da gindin kwamfireso, wanda aikinsa shi ne korar ruwan gas daga cikin mai. A ba injin wuta, a bar shi bai tashi ba na awa 12 zuwa 24 gwargwadon umarnin kamfani. Mai gida zai yi ƙorafi, zai ce garin ai da zafi yake, amma a ba shi haƙuri: idan man ya yi kumfa a tashin farko, ƙarfe ne zai goga ƙarfe.

Kafin a kunna, a buɗe bawulolin biyu da ke haɗa injin da bututun har ƙarshe. Daga nan a kasa kunne. Kwamfireso irin na sukurol, wato mai matse gas da murɗaɗɗun ƙarafa biyu, yana iya juyawa da baya idan an sauya jerin layuka, kuma alamarsa ƙara ce mai kaushi tare da alluran ma'aunin matsi biyu da suka ƙi rabuwa. A kashe nan take, a cire wuta, a musanya layi biyu. A ginin da ke da gurup, a maimaita gwajin a kan wutar NIGELEC da kuma ta gurup, domin jerin layukansu na iya saɓawa, kuma wannan ne ya sa nake ganin na'urar tsaron layi, wadda ke hana injin tashi idan jerin layuka ya saɓa, ta cancanci kuɗinta.

Idan ya yi minti 15 zuwa 20 yana aiki, a auna amfiya a gwada da abin da ke jikin allonsa, a auna zafin bututun biyu a haɗa da matsi domin a san ko gas ya isa. Taɓa bututu da hannu ba awo ba ne. In za a ƙara R410A, a ɗora kwalbar a kan sikeli, a fitar da shi yana ruwa, a hankali, kuma kada a gauraya shi da R22, wanda wani gas ɗin sanyi ne daban. Duk lokacin da aka kashe injin, a jira minti 5 kafin a sake tayarwa. Alƙaluman ranar farko kuwa a rubuta su tare da zafin gari na wannan sa'a, a ajiye takardar cikin akwatin wutar injin domin wanda zai zo duba shi bayan hunturu.