Yadda mai zane zai koma sabon gari ya kafa ɗakin aikinsa

Na ga matasa da dama waɗanda suka kammala karatun zane a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, ko suka koyi aikin a hannun wani gwani, sun tattara kayansu sun nufi Kano ko Kaduna ko Abuja domin buɗe ɗakin zane, amma kafin shekara ta zagayo sun rufe shi. Yawancinsu hannunsu yana da kyau, ɗakin da suka kama cikin gaggawa ne ya kayar da su. Ni ma da na bar Zariya na koma Kano a nan na yi tuntuɓe, shi ya sa zan fi daɗewa a kan wannan mataki. Ba zan tsaya bayanin ɗaura yadi a firam ko haɗa launi ba, domin duk wanda ya kai ga tunanin buɗe wurinsa ya wuce nan.

Da farko, ka je garin da jakar tufafinka kawai, ka sauka wurin ɗan'uwa ko aboki na kamar mako biyu. Baƙo ko da ido makaho ne, kuma abin da ya kamata ka fara gani shi ne inda za ka riƙa sayen kayan aiki. A Kano, yadi yana Kantin Kwari, fenti da burushi ana samun su a Sabon Gari, allo da tawada da fata suna Kasuwar Kurmi, katakon firam kuma akwai shi a 'Yan Katako ta Na'ibawa. Ka hau a-daidaita-sahu daga unguwar da kake so zuwa waɗannan wurare, ka lissafa kuɗin zuwa da dawowa, domin haya mai araha a bayan gari takan ƙare da tsada idan kullum sai ka yi hawa biyu kafin ka sayo gwangwanin fenti ɗaya.

Sai batun ɗaki. Dillali zai kai ka sau ɗaya, a lokacin da ya zaɓa, ya kuma gaya maka cewa akwai wani da ke shirin biya gobe. Kada wannan magana ta sa ka ciro kuɗi. Ka koma ɗakin sau uku a ranaku dabam-dabam, da hantsi, da azahar, da kuma bayan la'asar, ka tsaya a tsakiyarsa riƙe da farar takarda ka ga yadda haske yake sauka a kanta. Tagar da ke kallon yamma ni ban yarda da ita ba ko kaɗan, saboda daga la'asar rana takan shigo kai tsaye ta jirkita launi a idonka, ga zafin bazara da ke busar da fentin ruwa a kan burushi tun kafin ka kai shi jikin yadi. Tagar arewa ta fi, sai dai ka sani cewa Kano tana kan digiri 12 ne arewa da tsakiyar duniya, don haka daga ƙarshen Afrilu zuwa tsakiyar Agusta rana takan ɗan karkata ta arewa, kuma a watannin nan za ka buƙaci farin labule mai shara-shara.

Haske dai ana iya gyara shi da labule da fitila. Danshi kuwa idan ya shiga bango, sai dai ka tashi. Na kama ɗakina na farko a watan Fabrairu, ana tsakiyar rani, bango ya sha sabon fenti, daɓe a bushe ƙayau, na biya kuɗin shekara guda ba tare da na tambayi kowa komai ba. Na jingina zane-zanena a jikin bango, a ƙasa, kamar yadda na saba. Da Agusta ta shigo aka kwana biyu ana ruwa, na zo da safe na buɗe ƙofa, warin laima ne ya fara tarbata. Na juya zane na farko, wani hawan Daushe da na yi wata biyu a kansa, na tarar bayan yadin ya yi ɗigo-ɗigon baƙar fumfuna, katakon ƙasa ya kumbura ya karkace, fentin ƙafafun dawakin yana ɓarewa idan na taɓa shi da farce. Zane 11 na rasa a wannan damina, kuma har yau idan na tuna da na hawan nan raina yakan sosu.

Alamun suna nan tun ranar farko, ni ne ban san su ba. Ka durƙusa ka duba bango daga daɓe zuwa tsayin gwiwa. Idan ka ga an yi wa wannan sashe kaɗai sabon yaɓe ko fenti, ka kankare wani lungu da makulli, in farin gari mai kama da kanwa ya zubo, to bangon yana shan ruwa daga ƙasa. Ka ɗaga kai ka nemi zobe mai launin ruwan ƙasa a jikin silin, shi ne sawun yoyon kwano. Ka fita waje ka gwada tsayin daɓen da na titi, domin ɗakin da titi ya fi shi tudu, duk ranar da lambatu ya cika, a cikin ɗakin ruwa zai sauka. Ka bi gefen ƙofa da taga da yatsa ko za ka ji hanyar gara, wadda ba ta barin katako ko takarda. Bayan duk wannan, ka zauna wurin mai shayi ko telan da ke maƙwabtaka, ka tambaye shi yadda layin yake kasancewa a watan Agusta da kuma dalilin tashin wanda ya bar ɗakin. Amsarsu ta fi ta dillali amfani nesa ba kusa ba. Wanda yake da halin jira, ya nemi ɗaki a cikin damina, ya je dubawa washegarin ruwa mai ƙarfi.

Idan ɗakin ya tsallake, a rubuta yarjejeniya a gaban shaidu. A faɗi ƙarara wanda zai gyara rufi idan ya yi yoyo, a kuma rubuta cewa an yarda ka kafa ƙusa a bango, kuma fenti zai ɓata daɓe. Ka roƙi biyan wata shida maimakon shekara, ko da za a ɗan ƙara maka, kuma ka tuna akwai la'adar dillali a kan kuɗin hayar. A ra'ayina duk wanda haya da la'ada suka cinye fiye da rabin jarinsa bai shirya ba, domin watannin farko ciniki ba ya zuwa, ci da sha kuwa ba sa jira.

Kafin ka sauke kaya, ka sami wani dattijo a layin ya raka ka wurin mai unguwa. Ka gaishe shi yadda ya kamata, ka ce, "Ranka ya daɗe, ni baƙo ne, sana'ata zane, na kama shago a wuri kaza." Wannan gaisuwa tana da muhimmanci ga mai zane fiye da sauran masu sana'a, saboda akwai mutane da yawa da ba su saki jiki da zanen abu mai rai ba. Ni a bakin ƙofa nakan rataya zayyana, da dagi, da zanen ƙofofin gari da rinin Ƙofar Mata, hotunan mutane kuma su zauna daga ciki ga wanda ya nema.

Wajen ɗauko kaya, kada ka naɗe zane a leda kai tsaye, domin zafin mota yakan sa ta manne da fenti. Ka tsayar da su a tsaye, ka sa kwali a tsakanin kowane biyu, ka ɗaure da igiya. Manyan ka cire su daga firam ka naɗe su a kan bututu mai kauri, fentin yana waje, in ba haka ba zai tsage. Ka tsaya da kanka a kan 'yan dako lokacin lodi, kuma ka bi motar.

Shirin ciki ba ya buƙatar kuɗi mai yawa. Abu na farko da za ka sa kafinta ya yi maka shi ne kanta mai ƙafa, wadda za ta ɗaga zane daga ƙasa kamar taku ɗaya, ta kuma bar tazara tsakaninta da bango. Teburi da kujera na hannu sun wadatar. Daga Nuwamba zuwa Fabrairu ƙurar hunturu ce abokiyar gaba, musamman ga mai fentin mai da ke kwanaki bai bushe ba, don haka ka toshe ƙasan ƙofa da tsumma, ka yayyafa ruwa kafin shara, ka juya ɗanyen zane ya fuskanci bango ba tare da ya taɓa shi ba. Tsumman da ya jiƙe da man fenti kada ka tara shi a kwana, yana iya kamawa da wuta da kansa, ka shanya shi a waje ko ka jefa shi a bokitin ruwa. Ƙaramar sola da farin ƙwan fitila guda biyu sun fi janareta sauƙi a aljihu.

Neman ciniki kuwa ƙafa ce. Ka leƙa Gidan Makama da Gidan Ɗan Hausa, gidajen tarihi da al'adu na Kano, ka san masu zanen da suka riga ka, ka zaga makarantu da otal-otal da ofisoshi da hotunan aikinka a waya, ka riƙa sa sababbi a Facebook da WhatsApp. Kada ka raina aikin allon shago ko zanen bangon makarantar yara, su ne za su riƙe ka kafin manyan ayyuka su zo. Duk wanda ya ba ka aiki, ka karɓi rabin kuɗi kafin ka sayi yadi, ka rubuta ranar karɓa a littafi a gabansa.