Yadda ɗan wasan besbol zai tsare sana'arsa daga caca

In kana da burin buga besbol a matakin ƙwararru a Amurka, ko kana da ƙani ko ɗa da ya sa wannan a gaba, to abu na farko da za a haddace shi ne doka ta 21 ta MLB, hukumar babbar gasar besbol ta Amurka. A manne take a bangon ɗakin canza kaya na kowace ƙungiya. In ka yi caca a kan wasan besbol da ba ruwanka da shi, dakatarwar shekara ɗaya ce. In kuwa a kan wasan da kake da hannu a ciki ne, ko da cewa ka yi ƙungiyarku za ta ci, an sallame ka ke nan har abada. Wannan ta biyun ce ta ci Pete Rose a 1989 yana kocin Cincinnati Reds, mutumin da har yau ba wanda ya kamo shi a yawan bugu mai kyau, 4,256.

Ka tuna wahalar da ake sha kafin a kai can, yaro ya yi shekaru a ƙananan rukunoni yana kwana a bas daga wannan gari zuwa wancan, da ƙyar a kira shi sama, sannan sai ya ƙara shekara shida kafin ya samu damar sa hannu da ƙungiyar da ya ga dama. Tucupita Marcano ɗan Benezuwela ya bi wannan hanyar har aka kira shi sama, amma a watan Yunin 2024 aka kore shi har abada yana ɗan shekara 24 kacal. Yana Pittsburgh Pirates ne ya riƙa danna waya, caca 387 a kan besbol, sama da dala 150,000, ciki har da wasannin ƙungiyarsa lokacin da yake jinyar rauni. Wallahi labarin yaron nan yana taɓa ni.

Don haka ka fara da wayarka. Tun 2018 da kotun ƙolin Amurka ta buɗe wa jihohi ƙofar halasta cacar wasanni, manhajojin suka cika ko'ina, kuma kamfanonin da kansu suke kai rahoto in sun ga sunan ɗan wasa. Goge su gaba ɗaya, har na ƙwallon kwando da sauran wasanni, don daga nan hannu yake sabawa. Kuma kar ka haɗa akawun da kowa, ko amininka ne. Alƙalin wasa Pat Hoberg bincike bai nuna ya yi caca a kan besbol ba, abokinsa da suke amfani da akawun ɗaya ne ya yi, amma a farkon 2025 aikinsa ya tafi.

Sai kuɗinka. Ka riƙa duba asusun bankinka da idonka, ka sa banki ya riƙa turo maka sanarwa a lambarka kai tsaye. Tauraron ɗan wasa Shohei Ohtani ɗan Japan ya saki jiki da tafintansa Ippei Mizuhara, shi kuwa ya kwashe masa kusan dala miliyan 17 yana biyan bashin caca, aka ɗaure shi wata 57. An wanke Ohtani, amma sai da ya sha tambayoyi.

Kar ka faɗa wa kowa sirrin ƙungiya, wane ne kafaɗarsa ke ciwo, wa zai yi jifa gobe, masu caca kuɗi suke biya su ji irin wannan.

In wani ya tare ka da maganar sayar da wasa, ko jifa ɗaya ne, ranar nan ka kai rahoto wurin hukuma, kar ka ce kana rufa wa abokai asiri. A 1919 'yan Chicago White Sox suka sayar da World Series, wato wasannin ƙarshe na cin kofin besbol, kotu ta wanke su a 1921 amma kwamishinan besbol Kenesaw Mountain Landis ya kori mutum takwas har abada, ciki har da Buck Weaver wanda bai karɓi ko sisi ba kuma ya buga wasansa da gaske, laifinsa shi ne ya zauna an yi maganar a gabansa ya yi shiru. Ya yi ta roƙon a maido shi har ya rasu a 1956, sai a watan Mayun 2025 aka cire sunansa daga jerin korarru, shi da Pete Rose, dukansu suna kabari.