Kafin ku kafa rumfar shan iska a bayan gida

Jama'a, duk mai niyyar share filin da ciyawa ta cinye don ya kafa rumfa, ya ɗan yi haƙuri damina ta wuce. Idan ka sare a watan Agusta, kafin mako biyu ta dawo kamar ba ka taɓa ta ba.

Kada ka shiga da silifas. Sa takalmin ruwa, ka riƙe doguwar sanda kana bugun ciyawar kafin ka kai hannu, don kububuwa da kunama nan suke fakewa, musamman ƙarƙashin tsofaffin bulo. Ni da idona na ga kububuwa a naɗe cikin fasasshen tulu, launinta sak na ƙasar wurin.

Adda da lauje sama kawai suke ɗaukewa, aikin gaske yana ƙasa. Tofa da kiri-kiri ta saiwa suke yaɗuwa, ɗan guntu idan ya rage zai sake tsirowa, har ta tsagar siminti. Sai ka bi da diga, ka tsince saiwoyin da hannu, ka shanya su a rana. Kututturen darbejiya kuwa a tone shi gaba ɗaya. In ka bar shi zai yi toho, in ya mutu kuma gara ta samu abinci, daga nan ta hau kan ginshiƙan rumfarka.

Don Allah kada a cinna wa tarin ciyawar da aka sare wuta da iskar hunturu, dangar maƙwabci tana kusa. Ramukan kuma a cike su da jar ƙasa, a yayyafa ruwa, a daɓe sosai kafin a kira magini.