Ciwon hannu ko ƙafa da ya ƙi ci ya ƙi cinyewa: yadda ake haɗa lantarkin kai da atisayen madubi

Akwai ciwon da kan zauna bayan rauni ya warke. Wanda aka yanke wa ƙafa ya riƙa jin zogi a yatsun da babu su, ko hannun da ya karye ya ɗinke amma ko riga ta taɓa shi sai raɗaɗi. A irin wannan, ana ganin sashen ƙwaƙwalwa mai kula da gaɓar na da hannu a ciwon, shi ya sa ake bi ta can.

Na'urar da ake kira tDCS da batir take aiki, tana tura lantarki kaɗan zuwa ƙwaƙwalwa ta soso biyu da ake ɗorawa a fatar kai, ba tiyata ba allura. Aikin ma'aikacin gashin ƙashi ne ko likitan ƙwaƙwalwa, ba abin saya a intanet a gwada a ɗaki ba. Mazaunin Jos ya fara da sashen gashin ƙashi na Asibitin Koyarwa na Jami'ar Jos da ke Lamingo, a tantance irin ciwon tukuna. Mai farfaɗiya, mai ƙarfe a kai, mai na'urar bugun zuciya, mai juna biyu da mai ƙuraje ko miki a fatar kai, duk ba a sa musu.

Wurin ɗora soso shi ne inda aka fi kuskure. Da tef irin na tela ake aunawa daga saman karan hanci, tsakanin idanu, zuwa tudun ƙeya, sannan daga kunne zuwa kunne. Inda layukan biyu suka haɗu shi ne tsakar kai. Daga nan a gangara wajen kunne da kashi 20 cikin 100 na tsawon kunne zuwa kunne: wurin na hagu ana kiransa C3, na dama C4. Idan hannun dama ke ciwo, soson jar waya kan C3 zai hau, domin ɓangaren hagu na ƙwaƙwalwa ke sarrafa dama. Ɗayan soson a goshi, saman girar gefen da ke ciwo.

Soso mai santimita 5 da 7, a jiƙa shi da ruwan gishirin asibiti mai kashi 0.9, ya jiƙu amma kada ya riƙa ɗiga. Ƙarfin lantarki miliamfa 2, minti 20, a hau a hankali cikin daƙiƙa 30, a sauka haka. Galibi kwana 5 a jere ne, wasu su kai zama 10. Ƙaiƙayi da ɗan ja a fata ba abin damuwa ba ne. Zafi kamar ƙuna kuwa, a tsaya nan take: ko soson ya bushe, ko ruwan famfo aka sa. A hunturun Jos soso na saurin bushewa, fata ma a bushe take, sai a duba a tsakiyar zama. Man gashi na tare lantarki, saboda haka a wanke kai a zo, mai kitso kuma ta tsefe wurin. Idan ruwa ya gangaro ya haɗa soson biyu, lantarkin ta fata zai bi, bai kai inda ake so ba.

Gaskiyar magana, hujjar amfanin na'urar ita kaɗai ba ta yi ƙarfi ba. Atisaye ne jigon aikin, shi ya sa ake yin sa lokacin da na'urar ke kunne ko da zarar an cire ta.

Tsarin atisayen da Lorimer Moseley, masanin ciwo na Ostareliya, ya gwada a 2004 mataki uku ne, mako biyu-biyu. Da farko kallon hotunan hannuwa ko ƙafafu, mutum na faɗin wanne ne hagu wanne ne dama. Sannan ya riƙa raya motsin a zuciyarsa ba tare da ya motsa ba. Na ƙarshe madubi: a tsayar da shi a tsakiyar jiki, gaɓa mai ciwo a bayansa, a cire zobe da agogo, a riƙa motsa mai lafiyar a hankali ana kallon hotonta kamar ita ce ɗayar. Madubin da ake samu a kasuwar Terminus ta Jos ya isa, in dai zai ɓoye gaɓar gaba ɗaya. A fara da minti 3 zuwa 5, a kai 15 a rana.

Idan ciwon ya tashi bai lafa ba har washegari, an yi gaggawa, a koma matakin baya. Kullum kafin zama da bayansa a rubuta ƙarfin ciwon daga 0 zuwa 10 a littafi, a je da shi asibiti.